Bular da Na Zuba a Yashin Kaka

Ni ne na yi laifin, kuma tun ranar da na yi shi zuciyata ta sani, ko da yake na ɗauki shekaru ina gaya wa kaina akasin haka. Na tona asirin ɗan kawuna a gaban mutane, a kan maganar da tsohuwar gidanmu ta riga ta rufe. Ban yi masa ƙage ba. Duk abin da na faɗa ranar nan gaskiya ne, shi ya sa ma na daɗe ina samun wurin ɓuya.

A Gwandu aka haife ni, a can na girma. Mahaifinmu yadi yake sayarwa a kasuwa, yana kuma da gona ta wajen Masama. Na gama firamare, na taɓa sakandare kaɗan na baro, na dawo ina taya shi zaman rumfa. Karatun da na samu bai kai ya ba ni aiki ba, amma ya isa in karanta ƙananan littattafan nan na labarin 'yan sandan ciki da ake kawowa daga Birnin Kebbi, waɗanda bangonsu ke yagewa tun kafin su zagaya unguwa. A shekarun ne kuma wani mutum ya kawo bidiyo da janareta ya buɗe gidan kallo bayan tasha, ya kewaye da zana ya jera benci. Wasu faɗa ke kai su, wasu rawa da waƙa. Ni fim ɗin bincike nake jira, irin wanda za a tsinci gawa ko a fasa akwati a rasa wanda ya yi, sai wani mutum mai natsuwa ya zo yana duban ƙasa yana yi wa mutane tambayoyi. Ba ma jin harshen sosai. Mai gidan kallon ke tsayawa gefen talabijin yana fassara abin da ya gane, inda bai gane ba ya ƙara nasa.

Wurin da na fi so shi ne ƙarshen fim. Mai binciken zai tara kowa a falo ɗaya, mai gida da matarsa da direba da baƙo, ya goya hannu a baya yana kai da kawowa, yana jero abubuwan da kowa ya gani amma bai lura ba. Sai ya tsaya cak, ya juya, ya nuna mutum ɗaya. A nan gidan kallo ke kaurewa da ihu, ni kuwa tsigar jikina ta tashi. In na koma gida sai in tsaya gaban ɗan madubinmu ina gwada juyawar nan da nuna yatsan. Burina ke nan a lokacin, wata rana a yi tsit ana saurarena, ni kaɗai na san amsa.

Abokin kallona ɗan kawuna ne. Mahaifinsa wan Innarmu ne, manomin shinkafa a fadamar Kalgo, in ruwa ya janye ya shiga su. An kawo yaron gidanmu don ya koyi ɗinki wurin telan da ke maƙwabtaka da rumfar Baba. Tsaranmu ɗaya, shago ɗaya muke kwana a ƙofar gida, kuma mu taubasai ne, saboda haka ba abin da ba ma faɗa wa juna. Ina ce masa mai ƙarnin kifi, yana ce mini ɗan tudu wanda kwalbati ma za ta iya cinyewa. Shi ya laƙa mini Sufeto.

Shi ba ya bin hujja in ana kallo, fuska yake dubawa. Fim bai yi nisa ba zai zungure ni da gwiwar hannu.

"Sufeto, wanga mai gemun na. Wallahi shi yay yi kisan."

"Ina hujjarka?"

"Dubi idonai mana! Irin idon ɓarawon awakin Diggi gare shi."

"To mai gemun ga yanzu za a kashe shi, sai ka sake wani."

In aka kashe mai gemun sai ya dafe kai ya ce Allah ya jiƙan bawan Allah, ya zalunce shi, benci duka ya fashe da dariya. Bai taɓa cankar daidai ba, kuma bai taɓa damuwa ba.

Akwai magana tsakaninsa da ƙanwata mai bi mini. Ba a ɓoye take ba. Inna da Kawu sun riga sun tattauna, Baba ya ce ya yarda, a bari dai yaron ya gama koyo ya mallaki keken ɗinkinsa. Da ƙyallayen da suka rage a shago ya haɗa mata wata riga mai launi barkatai, muka yi ta yi masa tsiya, ita kuwa ta sa ta ranar Sallah ta bar sabon ɗinkin da Baba ya yi mata.

Baba yana da agogon hannu da ya sayo a aikin Hajji, mai igiyar ƙarfe irin wadda ke miƙewa. Ba ya zuwa gona da shi saboda zufa da ƙasa, a ƙusa yake rataye shi cikin turakarsa. Wata shekara lokacin girbi ya tafi Masama da niyyar ya kwana biyu wurin masu yankan gero, sai aikin ya ƙare da wuri ya dawo ba zato. Ya shiga turaka, ƙusa ba komai. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage akwati, aka leƙa bayan randa. Baba mutum ne mai haƙuri, amma ranar muryarsa ta kai waje. Ɗan kawuna ba ya nan lokacin da aka fara neman, telan ya aike shi Birnin Kebbi sayen zare da maɓallai. Ya dawo da la'asar ya tarar da gida a hargitse.

A nan Kaka, mahaifiyar Baba, ta fito daga ɗakinta ta ce kowa ya yi shiru, gobe da safe za a zuba yashi.

Tun muna ƙanana mun san yashin Kaka. In abu ya ɓata a gidan, kuma aka tabbata ba daga waje aka shigo ba, ba a rantsar da kowa, ba a caje ɗakin kowa. Samari za su ɗebo yashi daga rafi, a cika wa kowane mutum na gidan ƙwarya guda, babba da yaro, har Baba, har ita kanta. Kowa ya shiga ɗakinsa da ƙwaryarsa ya ɗan jima, ya fito da ita rufe da faifai. Daga nan a riƙa shiga ɗakin ajiya ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, ya juye yashinsa a kan tuli guda ya fito. In kowa ya gama sai Kaka ta shiga da rariya ta tankaɗe. Ta haka zoben wata gwaggonmu ya dawo, haka 'yan kunnen wata amarya, haka wuƙar askin Baba. Ba a taɓa jin sunan kowa ba. In wani ya fara cewa ai shi yana zargin wane, sai ta katse shi ta ce, "Kayan nika biɗa, ba mutum ba."

Ni a lokacin wannan al'ada haushi take ba ni. Gani nake labari ne ake yankewa kafin ƙarshensa.

Da yammacin nan muna alwala a ƙofar shago, ɗan kawuna ya naɗe hannun riga, sai na ga wasu 'yan jajayen ɗigo sun zagaye wuyan hannunsa na hagu. Na san su. Igiyar agogon nan tana cizon gashin hannu, Baba ma yana da irinsu. Gabana ya faɗi, amma ba faɗuwar baƙin ciki ba, dole in faɗi gaskiya. Daɗi na ji. Abin da nake gani a fim yau ga shi ya zo har gida, kuma ni kaɗai na gani. Da na ja shi gefe na ce, kai mai ƙarnin kifi, mene ne wannan, da ya gaya mini, da mun yi dariya mun san yadda muka yi. A tabarma ɗaya muka kwana ban ce masa komai ba.

Na taɓa ganin wani fim da mai bincike ya barbaɗa hoda a kan kaya, duk wanda ya taɓa hannunsa ya nuna. Da safe ni na ɗebo yashin, ni na cika ƙore. Na ɗauki ƙullin bular da ƙanwata ke sa wa fararen kaya in tana wanki, na tona tsakiyar ƙwarya ɗaya na juye, na cakuɗa da yashi mai danshi, na rufe samansa da mai tsabta. Wannan ƙwaryar na miƙa masa da hannuna. Ya karɓa ya ce, "Allah shi biya, Sufeto."

Ranar Juma'a ce. Aka yi yadda aka saba. Kaka ta shiga da rariyarta, ta daɗe fiye da kullum, sannan ta fito tana goge wani abu da bakin zanenta. Ta kira Baba ta sa masa a hannu.

"Ga kayanka. An gama."

Baba ya kara agogon a kunne ya ji yana tafiya, ya yi hamdala, ya ɗaura. Bai tambayi komai ba. Nan take gidan ya saki, mata suka koma daka, yara suka kwashi yashin suna wasa. Har yau ina ganin fuskar ɗan kawuna a safiyar nan. Ya sha fura kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba, ya ɗauki ƙaramin ƙanenmu ya cilla sama, ya tsokani ƙanwata a kan ɗankwalinta. Mutum ne da aka sauke wa dutse daga ƙirji. Ya yi kuskure, an buɗe masa ƙofa, ya bi ta ya fito.

Bayan an sauko daga masallaci mutane kan taru a zauren Baba a ci tuwo. Ranar akwai maƙwabta, akwai telan, akwai wani direba da ke jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi. Aka yi wa Baba barka. Telan ya ce ai dabarar tsohuwa ta fi ta alƙali, wanda ya ɗauka sai Allah kaɗai ya san shi.

Na ce, "Ni ma na san shi."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "To Sufeto, hwaɗa muna."

Na miƙe. Na goya hannu a baya, wallahi na goya, na fara kai da kawowa a ɗan filin da ke tsakanin kwanuka. Na ce wanda ya ɗauki agogon nan ya san Baba ba ya gida. Na ce ba sayarwa ya yi niyya ba, ɗaurawa ya yi, domin igiyar ta bar masa shaida. Na roƙi Baba ya kwance agogon, ya kwance yana murmushi don ya ɗauka wasa ne. Na jiƙa tsinke na zura tsakanin gaɓoɓin igiyar, na goga a farar rigata, shuɗi ya fito. Na ba da labarin bular. Na shiga shago na ɗauko ƙwaryar, cikinta shuɗi. Sai na tsaya, na juya kamar yadda na daɗe ina gwadawa, na kama hannun ɗan kawuna na ɗaga. Ya wanke hannu ya yi alwala, amma ƙarƙashin faratansa bai fita ba.

Bai fizge ba. Ya dube ni yana ɗan murmushi, irin na mai jiran a ce masa wasan taubasai ne.

"Sufeto, wasa na ko?"

Ban saki hannunsa ba. Ina jiran ihun gidan kallo. Ba wanda ya yi ko tari. Wani tsoho ya mayar da lomar da ya ɗebo cikin kwano. Telan ya sunkuyar da kai.

Ɗan kawuna ya zare hannunsa a hankali, ya juya wajen Baba ya durƙusa.

"Baba, ni na ɗauka. Na kuwa maido."

Baba bai dube shi ba, ni ya duba. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a idonsa ba. Ya ce, "Tashi ka ba mu wuri." Na ɗauka da yaron yake, sai da ya maimaita na gane da ni yake.

Kafin in kai tsakar gida labari ya riga ni. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ce in matso.

"Wa ya sa ka?"

"Kaka, gaskiya na hiddo."

"Kana tsammani ban ga bula ba? Mi kaga ina gogewa da zanena?" Ta nuna mini shuɗin da ke bakin zanen. "Na ce ma mutanen gidan ga duk wanda ya zuba cikin yashina ba mai jin sunanai. Yaron ga ya yarda da ni. Ka maishe ni maƙaryaciya da tsuhwana."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Daga ranar ba a sake zuba yashi a gidanmu ba. Ko ta ce a zuba, wa zai yarda? Bayan haka in abu ya ɓata sai dai zargi da rantse-rantse da gaba, abin kuma ba ya dawowa.

Washegari ɗan kawuna ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe. Baba ya ce ya zauna, telan ma ya aiko cewa ya dawo aiki, amma tun kafin magaribar jiya maganar ta gama kasuwa, kuma tela mutum ne da ake bar wa kayan mutane. Inna ta biyo shi har zaure da ƙullin dakuwa, ta cusa masa a aljihu. Ina tsaye a bakin shago. Da ya zo wucewa ya ɗan tsaya.

"Ka ci nasara, Sufeto," ya ce. Ya sa kai ya tafi tasha.

Ƙanwata ba ta yi mini magana ba sai bayan kwanaki. Na same ta tana wanki a bakin rijiya, na fara yi mata bayani, wai gara da ta san halinsa tun yanzu. Ta ci gaba da cuɗa rigar, ba ta ɗago ba.

"Hoto yat tahi ɗauka," ta ce. "Ni na ce shi ba ni hotonai. Ƙawayena duk samarinsu da agogo cikin hoto, shi yana jin kunya shi tsaya hannu wayam. Ya ce kahin Baba shi dawo ya maida shi ga ƙusa." Ta matse rigar ta jefa a bokiti. "Da ka tambaye shi da ya hwaɗa maka. Kai ne abokinai."

Hoton yana can wurin mai hoto a Birnin Kebbi, ba wanda ya je karɓa.

Maganar auren ba a kashe ta da baki ba. Baffanninmu suka fara cewa ai sai a duba, mutane za su ce an ba ɓarawo 'ya. Kafin Baba ya yanke shawara Kawu ya aiko cewa ya janye neman, don kada a kai ga hana shi. Shi ke nan. Da can duk lokacin kaka Kawu kan zo da kansa da buhun sabuwar shinkafa da busasshen kifi, ya kwana, shi da Inna su zauna suna hirar mutanen Kalgo, wa ya mutu, wa ya yi aure, ruwa ya kai ina bana. A nan kaɗai nake jin Inna tana ƙyaƙyata dariya. Daga shekarar bai sake zuwa ba. Inna ba ta taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba. Sai dai in lokacin girbin shinkafa ya yi, duk sallamar da aka yi a zaure sai ta tsayar da abin da take yi ta kasa kunne.

Ni kuwa na riƙe hujjata. Duk wanda ya taɓo maganar sai in ce, to ƙarya na yi? Ba shi ya ɗauka ba? Na ci gaba da zuwa gidan kallo ni kaɗai. Sannu a hankali na fara lura da wani abu. Da an nuna mai laifi sai kiɗa ya tashi, rubutu ya hau, a kashe janareta kowa ya watse. Ba a taɓa nuna mana washegari ba. Ba a nuna uwar mutumin, ko wadda za ta aure shi, ko yadda mutanen falon nan za su ci abinci tare bayan haka. Wata rana ana tsakiyar fim, mai binciken ya fara tara mutane, na ji ba zan iya zama ba, na tashi na fita. Ban sake komawa ba. Amma barin kallo bai sa na je Kalgo ba.

Shekaru suka wuce. Kaka ta rasu. Ƙanwata ta auri wani mutumin Maruda, mutumin kirki, da yardarta, ta haifi 'ya'yanta. Tana gaishe ni yadda ake gaida wa, ta tambayi iyali, iyakarta ke nan. Da aka ba mu jiha na samu aikin masinja a wata ma'aikata a Birnin Kebbi. Daga inda nake zuwa Kalgo tafiya ce ta ɗan lokaci, kullum ina jin 'yan kamasho suna kiran garin a tasha. Sau da yawa na ce ranar Asabar zan je. In Asabar ta zo sai in ce ai abin ya wuce, tayar da shi ma wani laifin ne.

Kawu ya rasu, na fake da aiki ban je gaisuwa ba. Inna ta je ta dawo ta ce an karɓe ta da mutunci, an shimfiɗa mata tabarma, an kawo mata ruwa, kamar yadda ake yi wa baƙuwa. A gidan da aka haife ta ke nan. Ba ta daɗe ba ita ma ta kwanta. Ranar jana'izarta na hango ɗan kawuna a sahun baya, ya rame, gemunsa ya fara fari. Ya bi mu har maƙabarta, ya sa hannu aka rufe ta, ya yi wa Baba gaisuwa a ƙofar gida, bai shiga ba. Ina ganinsa ya nufi tasha. Ban bi shi ba.

Bayan an share makoki na shiga motar Kalgo. Ranar kasuwa ce. Na tari wani mai kabu-kabu, wato babur ɗin haya, magidanci, na kwatanta masa telan da nake nema da gidan mahaifinsa.

"Au, Mai Agogo kaka nuhi? Hau mu tahi."

Na tambaye shi dalilin sunan. Ya ce shi ma haka ya taso ya ji ana kira. "Wasu sun ce wai agogo yas sato Gwandu zamanin samartaka. Da can yara har bin shi sukai suna tambaya ƙarhe nawa. Amma wallahi mutumin kirki na, ko allura ba ta ɓata wurinai." Ya yi dariya. "Har ɗiyanai ɗiyan Mai Agogo aka ce musu makaranta."

Direban nan da ya ci tuwo a zaurenmu ya kai labarin tasha, daga tasha ya bi motoci har gida. Ni ina can ina cewa abin ya wuce, shi kuwa da sunan yake kwana yake tashi, har ya gadar wa 'ya'yansa.

Rumfarsa tana kusa da masu awon shinkafa. Keke ɗaya, benci ɗaya, mutane huɗu ko biyar suna zaune suna jiran ɗinki suna hira. Na yi sallama. Ya ɗago, ya tsayar da ƙafarsa a kan keken.

"Maraba, malam. Sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

Malam ya ce mini. Da ya zage ni, ko ya ce ɗan tudu, da na samu inda zan kama. Ya sa aka matsa mini a benci, ya aika a kawo ruwa, ya tambayi Baba da jiki. Daga nan sai ya miƙe ya ce mu zagaya baya in magana ce.

Na ce a'a, a nan zan yi ta. Na cire hulata, na durƙusa a ƙasa gaban keken, cikin ƙyallaye da zare. Masu awo suka juyo, hirar benci ta tsaya. Ya ce in tashi don Allah, mutane na kallo. Na ce su nake so su ji.

"Jama'a, ni ɗan gwaggonai na, daga Gwandu. Sunan ga da kuka kiran bawan Allah ga da shi, ni na jawo mai shi. Aron agogon mahaihina yay yi na yini guda, ya maido da hannunai, manya sunka ruhe maganar. Ni na tone ta gaban mutane don a ce na iya. Bai ci amanar kowa ba, ni na ci tashi."

Sannan na dube shi ido cikin ido, karo na farko tun ranar da ya bar gidanmu.

"Ɗan'uwana, na raba ka da sana'arka a Gwandu, na raba ka da wadda kaka so, na raba Inna da wanta har sunka mutu ba su koma zama wuri guda ba. Ba ni da abin da zan maido maka ko ɗaya. Na daɗe ina cewa gaskiya na hwaɗi, alhali so nike a yaba mani. Na zalunce ka. Ban zo don dole sai ka yahe ba, in ka ƙi ba ka yi laihi ba. Don Allah ka yahe mani."